Matatar ruwa ko na'urar gishiri: wacce gidanka ke buƙata?

Da muka haƙa bohol a gidanmu na Arkilla a Sakkwato, na sa matata a bakin tanki, amma butar shayina ba ta daina yin farin ɓawo ba. Kuɗina suka tafi a banza, har yau abin yana min ciwo.

Kafin ka saya, tara ruwa a kwalba ya kwana. Idan laka ko yashi ya kwanta, matata kake buƙata. Idan ruwan garau yake amma sabulu ya ƙi kumfa, famfo kuma yana toshewa, sinadaran kalsiyam da maganiziyam ne a cikinsa; ƙasarmu mai farar ƙasa ce, duba Kalambaina, inda ake haƙar ta don yin siminti. Wannan sai na'urar da ke cire su ta hanyar aiki da gishiri, kuma za ka riƙa zuba mata shi.

Ita ba ta kashe ƙwayoyin cuta, don haka ruwan yara ina tafasa shi.