Bidiyo ya ƙi buɗewa a Linux: kurakuran da ake yi wajen ƙara rumbun kodek, da gyaransu

Ranar wata Asabar ƙanina ya kawo mini kwamfutarsa, rai a ɓace. Kwana uku ke nan da ɗora mata Fedora, wani nau'in Linux, bidiyon kamun ƙanwarmu da aka ɗauka da iPhone ya ƙi fitowa. Ana jin kiɗa, ana jin guɗa, allo kuwa baƙi ƙirin. Kafin ya iso wurina ya riga ya kwafo umarni daga wurare huɗu ko biyar, ya ƙara rumbuna shida, wato wuraren da kwamfuta ke sauko da manhajoji daga cikinsu, har da wani umarni na Ubuntu da ya ƙi shiga don babu ruwan Fedora da shi. Ya ce, "Yaya, ni dai duk abin da na gani an rubuta kodek a jiki, sakawa nake." Awa biyu muka yi muna kwance abin da ya ɗaura, alhali umarni biyu yake buƙata tun farko.

Sai an san dalilin matsalar ake gane maganinta. MP4 da MKV da MOV akwatuna ne kawai. Abin da ke cikin akwatin, wato yadda aka matse hoto da sauti, shi ne aikin kodek. Bidiyon WhatsApp yawanci H.264 ne, iPhone kuwa tun 2017 take ɗauka da H.265, wanda ake kira HEVC. Dukansu akwai kamfanonin da ke riƙe da takardun mallakar fasaharsu, suna karɓar kuɗi a kansu. Fedora na ƙarƙashin inuwar Red Hat, kamfanin Amurka, inda dokar wannan mallaka take da ƙarfi, don haka ba ta raba abin da zai ja a kai ta kotu. Haka openSUSE ma take taka-tsantsan. MP3 ma ya daɗe a cikin wannan ƙangi, sai a 2017 da wa'adin mallakarsa ya ƙare aka sake shi. H.264 ya sami sassauci ne saboda tun 2013 kamfanin Cisco ya ɗauki nauyin biyan kuɗin lasisi a kan OpenH264 da yake rabawa. HEVC bai sami irin wannan gata ba, shi ya sa ake zuwa rumbun waje.

Ga abin da nake so ya zauna a ran mai karatu kafin mu ci gaba. Rumbun manhajoji ba shafin sauke fim ba ne. Duk wanda ka ƙara rumbunsa, ka miƙa masa makullin gidanka ne, domin ƙunshin manhajar da zai aiko maka da cikakken iko yake shiga, kuma duk lokacin da ka yi sabuntawa sai ya sake shigowa. Mutum ɗaya amintacce ake ba makulli, ba duk wanda ya yi sallama ba.

Kuskuren farko: ƙara rumbu alhali ba a buƙatarsa

Idan Ubuntu gare ka, ko Linux Mint, ko Debian, da wuya ka buƙaci rumbun kowa. A Ubuntu wannan ya wadatar:

sudo apt install ubuntu-restricted-extras

A tsakiyar aikin wani allo zai tsaya yana neman ka amince da sharuɗɗan haruffan Microsoft. Da yawa suna zaton kwamfuta ta sandare, sai su rufe taga, su bar aikin rabi da rabi. Danna Tab har haske ya hau kan Ok, sannan Enter. Idan ka riga ka rufe, sudo dpkg --configure -a zai ƙarasa abin da aka bari. A Mint kuwa mint-meta-codecs ne sunan ƙunshin.

Debian ce ta fi ba ni tausayi a nan. Tsofaffin bayanai suna ta tura mutane zuwa rumbun deb-multimedia, kuma a da can yana da amfani. Yau ffmpeg, manhajar da ke ɗauke da tarin kodek, da VLC da ke cikin rumbun Debian na asali suna buɗe H.264 da HEVC lafiya lau. Illar wancan rumbu ita ce lambobin sigar ƙunshinsa sun ɗara na Debian, don haka apt, manhajar da ke girka ƙunshi a Debian, shi take fifitawa, a hankali ya maye gurbin ƙunshin sauti da hoto na Debian gaba ɗaya. Ranar da ka tashi ɗaga Debian zuwa sabuwar siga, a ranar rigima za ta ɓalle. Cire layin rumbun kaɗai ba ya mayar da komai. Duba abin da ya bari da wannan:

apt list --installed | grep dmo

Duk wanda ya fito, sai ka sake girka na Debian a madadinsa. Akwai kuma darasin 2013: tsohon adireshin rumbun, debian-multimedia.org, wa'adin rajistarsa ya ƙare, wani daban ya mallake shi, har Debian ta fitar da gargaɗi cewa kowa ya cire shi daga kwamfutarsa. Waɗanda suka saka layin suka manta da shi, kullum kwamfutarsu tana ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da ba su sani ba.

Maɓallin Fedora da ke ruɗar mutane

Farkon kunna Fedora Workstation, za a nuna maka maɓallin kunna rumbunan waje. Kowa yana dannawa ya ɗauka magana ta ƙare. Ƙanina ma haka ya yi. Abin da maɓallin ke buɗewa 'yan ƙananan ƙofofi ne: Google Chrome, Steam, direban NVIDIA, da Flathub, wani shagon manhajoji. Biyu daga cikinsu suna ɗauke da sunan RPM Fusion, babban rumbun waje na Fedora, shi ya sa idan mutum ya buga dnf repolist, umarnin da ke jero rumbuna, ya ga sunan sai hankalinsa ya kwanta. Amma babu kodek ko ɗaya a cikinsu. Wanda ake nema sunansa rpmfusion-free, ba tare da wani ƙarin Steam ko NVIDIA a wutsiya ba.

RPM Fusion ya samu ne a 2008 da aka haɗe rumbuna uku, Livna da Freshrpms da Dribble, waɗanda a da suke cin karo da juna. Ga yadda ake ƙara shi:

sudo dnf install https://mirrors.rpmfusion.org/free/fedora/rpmfusion-free-release-$(rpm -E %fedora).noarch.rpm

Akwai ɗan'uwansa nonfree, umarninsa iri ɗaya ne, sai dai ka sauya free da nonfree a wurare biyun. Lura da guntun nan $(rpm -E %fedora). Shi ne ke tambayar kwamfutarka lambar sigarta ya cike gurbin da kansa. Wanda ya kwafo umarni mai ɗauke da lamba a rubuce, misali 38, ya saka a sigar da ta wuce wannan, ya ɗauko wa kansa aiki. Fedora na fitar da sabuwar siga duk wata shida, kowacce kuma wata goma sha uku ko makamancin haka ake kula da ita, don haka bayanin bara ma ya tsufa.

Buɗe rumbu ba shi ne ɗebo hatsi ba

Wannan ne kuskuren da na fi gani. An ƙara rumbu daidai, an sake buɗe bidiyo, allo na nan baƙi, sai a ce RPM Fusion ba ya aiki, a tafi neman wani. Ƙara rumbu ba ya canza komai a kwamfuta. Tun daga siga ta 36, Fedora na zuwa da nata ffmpeg-free, wanda aka zare wa kodek masu takardar mallaka. Dole a musanya shi da cikakken:

sudo dnf swap ffmpeg-free ffmpeg --allowerasing

Manhajojin GNOME da dama kuma ta GStreamer suke bi, don haka sai a ƙara gstreamer1-plugins-bad-freeworld da gstreamer1-plugins-ugly da gstreamer1-plugin-libav. Don tabbatarwa, buga rpm -q ffmpeg ffmpeg-free. Na farko ya kamata ya bayyana, na biyu a ce maka babu shi. Rufe burauza gaba ɗaya ka sake buɗewa kafin ka yanke hukunci.

A openSUSE abin ya ma fi tsanani, saboda zypper, manhajarta ta girka ƙunshi, tana da wata ɗabi'a mai kyau da ke zame wa sabon shiga tarnaƙi: ba ta yarda ƙunshi ya sauya ubangida sai an ba ta izini. Ko da Packman, rumbun waje na openSUSE, na da sabon ffmpeg, za ta ci gaba da riƙe na openSUSE. Bayan ƙara Packman, sai an ce mata:

sudo zypper dist-upgrade --from packman --allow-vendor-change

Wanda ya tsallake wannan ya girka VLC kaɗai daga Packman, ya haɗa rabi na nan rabi na can, kuma irin wannan haɗin ne ke sa manhaja ta buɗe ta mutu nan take. A kula da lambar fifiko: ƙaramar lamba ita ce gaba. Rumbunan asali 99 suke ɗauka, Packman ana ba shi 90. Na ga wanda ya ba shi 100 da tunanin ya ɗaga shi sama. A kula kuma da adireshin, domin openSUSE na da nau'in Tumbleweed da na Leap, kowanne da nasa daban. Mai son sauƙi ya girka opi ya buga opi codecs, za ta yi masa duka.

Tunda an zo maganar adireshi: PPA, wato ƙaramin rumbun da wani mutum ko ƙungiya ke buɗewa, na Ubuntu ne, an gina shi don takamaiman siga, jammy ta 22.04 ko noble ta 24.04. Kada a kai shi Debian. Idan apt ta ce rumbu ba shi da fayil ɗin Release, ma'anarsa mai rumbun bai gina komai don sigarka ba. Canza sunan sigar da hannu don a yaudare ta ba gyara ba ne. Cire shi, kuma da ppa-purge, domin ita ce ke mayar da ƙunshin asali wurinsu.

Gargaɗin sa hannu

Kowane ƙunshi na kirki yana zuwa da sa hannun mai shi, kwamfuta tana gwada shi da makullin da ta sani. Idan gwajin ya faɗi, sai ta tsaya. Maganin da ake yaɗawa shi ne --nogpgcheck a Fedora, ko trusted=yes a Debian da Ubuntu. Wannan daidai yake da korar mai gadi saboda ya tare baƙo a ƙofa. Duba agogon kwamfuta tukuna, musamman tsohuwar laftof da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, domin idan kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaida ba za su gasku ba. Idan agogo daidai yake, ɗauko makullin daga shafin masu rumbun da kansu. A dangin Debian an bar amfani da apt-key. Yanzu ana ajiye makulli a /etc/apt/keyrings, a ɗaure shi da rumbu ɗaya tak ta hanyar signed-by, don kada makullin wani ya buɗe ƙofar wani.

Ranar da sabuntawa ta kawo rigima

Masu kula da RPM Fusion da Packman 'yan sa-kai ne. Idan babban rumbu ya fitar da sabon abu, su kan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin su gina nasu ya dace. A wannan tsakanin dnf ko zypper za su yi ƙorafin cewa wani ƙunshi bai dace da wani ba. Masu Tumbleweed sun fi kowa sanin wannan. Babu abin da ya lalace, haƙuri kawai ake so. Kuskuren shi ne a ƙara --allowerasing da -y don a wuce da ƙarfi. Waccan kalma izini ce na goge duk abin da ya tare hanya, -y kuwa amsa ce da ka bayar kafin a yi maka tambaya. Idan aka haɗa su, mutum na iya wayar gari babu tebur ɗin aikinsa gaba ɗaya. Na yi amfani da --allowerasing a sama, i, amma a musanya guda ɗaya da na san abin da za ta cire. Kullum karanta jerin abin da za a goge. Idan ka ga gnome-shell ko plasma a ciki, amsa ita ce a'a.

Mu da wuta ba ta da tabbas, akwai ƙarin hattara. Babbar musanya irin ta Packman kada a fara ta da batiri saura kaɗan. A sauke komai tukuna da --downloadonly a dnf ko --download-only a zypper, sannan a girka. Yankewar data a lokacin saukewa ba ta ɓata komai, ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa ita ce ke ɓarna.

Wani lokaci bidiyo na fitowa amma fanka na ihu, batiri na zuba. A 2022 Fedora ta cire H.264 da H.265 daga direbobin katin hoto na Mesa, don haka masu katin hoto na AMD suna buƙatar mesa-va-drivers-freeworld. Masu Intel na zamani intel-media-driver suke so, daga nonfree. Umarnin vainfo, wanda ke cikin libva-utils, zai nuna abin da katinka ke iya ɗauka.

Sai waɗanda ake barin jaki ana dukan taiki a kansu. Manhajar da aka girka ta Flatpak ko Snap a killace take, ba ta ganin kodek ɗin da ka saka a babbar manhaja, nata take zuwa da su. A Fedora ma Flatpak iri biyu ne, na Fedora da na Flathub, kuma na farkon yana bin dokar gidansu. Duba daga inda taka ta fito da flatpak list. Netflix kuwa idan ya ƙi, ba kodek ba ne, Widevine ne, wato manhajar da ke buɗe bidiyon da aka kulle don hana kwafa, ana kunna shi a saitin burauza. Masu Silverblue da Kinoite, wasu nau'o'in Fedora, su ma umarnin dnf na sama ba nasu ba ne, rpm-ostree suke amfani da shi.

Idan an riga an dagula, dnf history list na nuna duk abin da aka yi da lambarsa, dnf history undo kuma na iya kwance shi muddin tsofaffin ƙunshin na nan a rumbu. openSUSE a kan Btrfs, wani tsarin ajiye fayiloli, tana ɗaukar hoton tsarin kafin kowane aikin zypper, ana iya tashi daga tsohon hoto a buga sudo snapper rollback. Mint na da Timeshift mai irin wannan aiki.

A kwamfutar ƙanina, mun shiga /etc/yum.repos.d muka cire rumbunan da ba mu san masu su ba, muka buga sudo dnf distro-sync don komai ya koma sigar da rumbunan da suka rage ke ɗauke da ita, muka ƙara rpmfusion-free, muka musanya ffmpeg. Ya danna bidiyon, sai ga amarya lulluɓe da mayafi, gwaggonmu na fesa mata turare.