Yadda ake tayar da sansanin baƙi a bakin Kogin Luangwa bayan damina

Duk wanda aka ba aikin tayar da sansani a karon farko, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ciyawa da itace. Sai ka gan shi a garin Mfuwe na Zambiya, mashigar gandun dajin Luangwa, yana lissafin damin shuci tun ruwa bai janye ba. Na ga mutane da dama sun yi haka, ni ma na yi, kuma duk a rami ɗaya muka faɗa: ba mu fara zuwa mun ga inda kogin ya koma ba.

Damina a gabashin Zambiya kishiyar tamu ce. Ruwa na sauka daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kogin da babu madatsa ko ɗaya a kansa ya cika ya tumbatsa ya shanye fadamu. Shi ya sa ƙananan sansanonin da ke cikin Gandun Dajin Luangwa ta Kudu, wanda aka ayyana a 1972 mai faɗin murabba'in kilomita 9,050, ake kwance su a ƙarshen rani, a sake gina su wajen Mayu don karɓar baƙi masu yawon buɗe ido daga Yuni zuwa Oktoba. Norman Carr, wani Bature mai kare namun daji, shi ya assasa salon zaga daji a ƙafa da baƙi tun shekarun 1950, kuma har yau bukkar ciyawa da zana ita ce ginshiƙin sana'ar. Batun takardun izini daga hukumar gandun daji ba sai na faɗa maka ba. In ba ka da su, ba ka fara ba.

Tafiyar farko ka yi ta hannu rabbana. Kai, da ma'aikacin gandun daji mai bindiga, da dattijo ɗaya daga cikin ma'aikatan da suka daɗe a wurin. Kada ka ɗauki ko ƙusa. Aikin ranar kallon gaɓa ne kawai, kuma a nan zan daɗe.

Luangwa kogi ne mai tafiyar maciji. A kowace kwana ruwa ya fi gudu ta bayan gwiwar, sai ya riƙa ƙwaƙule gindin gaɓar, yana kwashe ƙasar yana zubar da yashi a ɗaya ɓangaren. Shekara da shekaru yana yin haka har ya yanke wuyan kwanar ya bar tafki a baya. Tafkunan da kake gani cike da dorina a bayan sansanoni, duk tsofaffin hanyoyin kogin ne. Sabon shiga kuwa gaɓar da ake ci ita yake so, don ita ce mai tudu, ita ce mai iska, a ƙarƙashinta ruwa ke da zurfi, dorinai ke taruwa, hoto ke kyau.

A shekarata ta biyu na mayar da bukkoki uku daidai inda suke a bara, ƙarƙashin wata babbar kanya. Daga sama komai lafiya lau: ciyawa kore, ƙasa ta yi ƙarfi in ka buga ƙafa. Wani dattijo ɗan ƙabilar Kunda da ke yi mana jinka ya ce in sauka ƙasa in duba. Na ce, "Baba, lokaci ya ƙure, baƙi na tafe." Bai sake magana ba. Cikin Yuli, da dare, muka ji ƙara kamar an juye tifar yashi. Da safe rumfar gaban bukka ta biyu tana ƙasa, dirkoki biyu na lilo a iska. Allah Ya tsare babu baƙo a ɗakin ran nan. Da na sauka daga baya, sai na ga ruwa ya yi wa gaɓar kogo, saiwoyin kanyar ne kaɗai ke riƙe da ƙasar da muke takawa.

Saboda haka ka sauka. Ka nemi inda yashi ya bushe, mai bindiga na gabanka saboda kadoji, ka ɗaga kai ka kalli gaɓar daga ƙasa. Abu uku kake nema: saiwa a waje tana reto, kogo a gindi, da sabbin gungumen ƙasa da suka ɓalle suna kwance da ciyawarsu a kai. Sannan ka hau ka bi gefen a hankali kana neman tsaga mai tafiya daidai da bakin kogi. Wani lokaci siririya ce, ciyawa ta rufe ta, sai ka sa sanda. Duk abin da ke tsakanin tsagar nan da ruwa ya riga ya zama na kogi, sauran lokaci kawai. Ba lokacin cika kaɗai gaɓa ke ruftawa ba. In ruwa ya janye ya bar jiƙaƙƙiyar ƙasa babu abin da ke tokare ta, tana bushewa tana tsagewa, a lokacin ma takan tafi.

Dabara mai arha: ranar da za ka rufe sansani, ka ƙirga taku daga wata bishiya zuwa baki, ka rubuta a littafi. In ka dawo ka sake ƙirgawa. Abin da ya ragu shi ne cin kogi na shekara. Ni dokata taku 15 daga baki, ko mai sansani ya yi tsaki ya ce baƙi ba za su ga ruwa sosai ba. Kujera ana iya ja da ita gaba da yamma, bukka ba a ja.

Kafin ka bar wurin ka nemi hanyar dorina. Za ka gane ta: rami ne da ya tsaga gaɓa, a sama kuma turba mai layi biyu da ɗan tudu a tsakiya. Da dare take hawa kiwo, kuma ba ta canza hanya don ka kafa banɗaki. Ka bar mata turbarta. Ka kuma ɗaga kai ka dubi bishiyoyi. Kanya da tsamiya inuwa ce mai kyau. Gawo kuwa, da ya fara zubar da 'ya'ya giwaye za su zo har ƙofar ɗaki, suna girgiza shi da goshi. Hantsar giwa, wadda 'ya'yanta ke reto kamar taɓarya, ɗa ɗaya na kai kilo da yawa, in ya faɗo yana huda jinka. Kada ka aje gado ko mota a ƙarƙashinta.

Sai hanya. Baƙar lakar kwarin nan irin ta fadama ce: sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa kunu. Mai gaggawa zai tura babbar mota da kaya ta nutse har gindi, ya kwana biyu yana haƙa, ya lalata hanyar da za a yi wata biyar ana bi. Ka fara tura tarakta ba kaya, ta ja tsofaffin tayoyi ko guntun ƙarfe ta baje sawun giwa, don sawun da giwa ta bari a laka in ya bushe ya fi dutse karya mota. Rafukan yashi kuma a sassare gangarensu da diga, a shimfiɗa buhunan yashi ko itace. Man tarakta na da tsada, na sani, amma bai kai kuɗin giyabos ba.

Ciyawa a ƙauyukan da ke wajen gandu ake saye, ba a yanka a ciki. Ka ba da kafin alƙalami da wuri, don kowane sansani lokaci ɗaya yake nema, wanda ya makara shi ke sayen ragowa da tsada. Kada ka karɓi ɗanyar ciyawa ko an sauke maka farashi. Ka tura hannu tsakiyar dami: in akwai ɗumi ko warin ruma, mayar. Dirkokin bara da ka ajiye, ka ƙwanƙwasa kowace ɗaya, wadda ta yi ƙarar ganga gara ta gama da ita. Wasu na shafa baƙin mai a gindin dirka. Ni na fi son babbaka gindin a wuta, don baƙin mai yana wari in rana ta yi zafi, ga shi yana ɓata ƙasa.

In wurin ya yi daidai, ginin kansa ba wuya, ma'aikatan sun fi ka sani. Ka fara da kicin da ɗakin ajiya da wurin kwanan ma'aikata, ɗakunan baƙi daga baya. Ɗakin ajiya ya zama da ragar waya har sama saboda birai, ƙofa mai sakata biyu saboda dage, firji kuma a kewaye shi, don kura na tauna roba. Tanda rami ce a ƙasa da faifan ƙarfe da garwashi a kai, burodinta ya fi na gas.

Ruwa: ka haƙa a yashi nesa da bakin ruwa ka sa famfo, kada a riƙa aiken yaro da bokiti wurin da kada ke kwana. Ramin banɗaki ya yi nisa da gaɓa. Faifan sola a wanke, batura a gwada su kwana biyu cikakku kafin baƙi, rediyon sadarwa ma haka. A share ciyawa a kewaye sansanin don gobara, tun da zuwa Oktoba zafi na haura digiri 40 kuma jinka ba ta jiran ashana ta biyu. A ɗaura gidajen sauro, a duba ranar ƙarewar magunguna a akwatin agaji.

Daren ƙarshe ka kwana a kowace bukka da kanka in da hali, ko ka raba ma'aikata. A nan za ka ji famfon da ke ɗiga, da ƙofar zanar da iska ke buɗewa, da gadon da aka aje ƙarƙashin reshen da birai ke kwana. A gyara da safe, motar baƙi na barin filin jirgin Mfuwe da hantsi.