Babi na Takwas: Aikatau Mai Rakiya a Harshen Turanci

Wanda ya fara koyon Turanci da girmansa yakan kai wani matsayi inda zai san ma'anar kowace kalma da ke cikin jimla, amma idan ya haɗa su wuri ɗaya sai maganar ta ƙi fita. Ya san cewa "give" bayarwa ce, ya kuma san cewa "up" sama ce, to amma idan likita ya ce wa mara lafiya "You must give up smoking", babu abin da za a bayar, babu kuma abin da za a ɗaga sama. Abin da likitan yake nufi shi ne lallai mutumin ya daina shan taba. Irin wannan haɗi na aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma da ke biye da shi, kamar "up" ko "off" ko "out" ko "in", shi ne ake kira "phrasal verb" a nahawun Turanci. A wannan littafi za mu riƙa ce masa aikatau mai rakiya, ita kuma ƙaramar kalmar mu kira ta 'yar rakiya.

Wahalar ba ta yau ba ce, kuma ba ta Hausawa ce kaɗai ba. Tun a shekarar 1755, Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamusun Turanci a birnin Landan, ya faɗa a gabatarwar ƙamusun cewa wannan haɗin kalmomi ne ya fi ba baƙin harshen wuya. Sai dai Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba, domin kullum yana cewa wane ya ci amana, ya ci bashi, ya ci jarrabawa, ko kuwa aiki ya ci gaba, alhali a duka huɗun babu wanda ya tauna komai. Babu wanda ya koya mana ma'anar cin amana ta hanyar rarraba ta gida biyu. A dunƙule muka ɗauke ta tun muna yara. Haka ya kamata ɗalibi ya yi da aikatau mai rakiya: ya riƙe kalmomin biyu tamkar kalma guda, ya kuma haddace su a cikin cikakkiyar jimla.

Mu ɗauki "look", wadda idan tana tsaye ita kaɗai take nufin duba. Uwar da za ta tafi unguwa ta bar yara a hannun ƙanwarta, "look after the children" za ta ce mata, wato ta kula da su. Idan kuwa ta dawo ta tarar ɗaya ya ɓace, har aka bazama cikin unguwa ana cigiya, abin da ake yi a lokacin shi ne "look for", wato nema. Bambancin 'yar rakiya ɗaya ne tak, amma wanda ya rubuta "I am looking for my mother" a takardar neman hutu, alhali yana nufin yana jinyarta ne, ya gaya wa shugabansa cewa mahaifiyarsa ta ɓata. Akwai kuma "look up", neman ma'anar kalma a ƙamus, da "look into", wadda hukumomi suke yawan amfani da ita idan an kai musu ƙorafi, ma'ana za su bincika lamarin. Ita kuwa "Look out!" gargaɗi ce da ake yi da ƙarfi idan haɗari ya tunkaro, daidai da a ce wa mutum "Hattara!"

A banki ne manya da yawa suke fara karo da waɗannan kalmomi. Ma'aikaciya za ta turo takarda ta ƙarƙashin gilashi, ta ɗora biro a kai, ta ce: "Baba, please fill in this form, write down your phone number and hand it in here." Abubuwa uku ta nema a numfashi ɗaya: a cike fom ɗin, a rubuta lambar waya, sannan a miƙa shi a nan. A wasu takardun za a ga "fill out" maimakon "fill in". Ma'anarsu ɗaya ce, sai dai Amurkawa sun fi son ta farko, mutanen Ingila kuma ta biyu. Wayar hannu ma cike take da su. Muryar da take cewa lambar da aka kira "is switched off" tana sanar da mu cewa wayar a kashe take, "top up" ƙara kuɗin kira ne, "sign up" yin rajista ne karo na farko, "log in" kuwa shiga ne da sunan da aka riga aka yi rajistar da shi. A jikin kwalbar magani kusan kullum akwai layin da ya ce "Keep out of reach of children", wato a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba, kuma wannan layi ya fi cancantar a fara haddacewa kafin duk sauran.

Na tafiya ba su da wuya sosai. Bas da jirgi da babur "get on" ake yi musu, a sauka da "get off", ƙaramar mota kuwa "get in" da "get out". Direba yakan yi "pick up" idan ya ɗauki fasinja, ya yi "drop off" idan ya sauke shi. Motar da ta lalace a hanya ta yi "break down", wadda man fetur ɗinta ya ƙare kuma an yi "run out of fuel". Abin lura shi ne "take off", wadda take nufin tashin jirgin sama, take kuma nufin cire takalmi ko riga. Jimlar da ta fito a ciki ce za ta nuna wadda ake nufi.

Akwai ƙa'idoji biyu da ɗalibi ba zai iya kauce musu ba. Ta farko ita ce, idan lokaci ya canja, aikatau ne yake sauya kama, 'yar rakiya tana nan yadda take, saboda haka a ce "The car broke down yesterday", kada a ce "break downed". Ta biyu ta shafi wurin zaman karɓau, wato sunan abin da aikin ya faɗa a kansa. A yawancin waɗannan haɗe-haɗe ana iya cewa "turn off the radio" ko "turn the radio off", duka daidai ne, amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin sunan, dole ya shiga tsakiya: "turn it off" ake cewa, "turn off it" kuskure ne. Wasu kuwa, irin su "look after" da "look for", ba sa rabuwa ko kaɗan, don haka "look after him" za a ce.

Ɗalibi zai lura cewa abin da ake faɗa da aikatau mai rakiya a baki, sau da yawa da doguwar kalma guda ake rubuta shi a takardar ofis. Dalilin yana cikin tarihin harshen. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da ilimi, sai Turanci ya ari dubban kalmomi daga wurinsu ba tare da ya zubar da nasa ba. Shi ya sa taron da aka ɗage zuwa wata rana, a baki a ce an yi "put off", a takarda a rubuta "postpone". Wanda aka soke gaba ɗaya a ce "call off", a rubuta "cancel". Kada a rikita waɗannan biyun, domin wanda ya ɗauki sokewa a matsayin ɗagewa zai yi ta jiran ranar da ba za ta zo ba.

Kalmomi biyu suna bukatar taka-tsantsan na musamman. A Nijeriya an saba jin "pass out" a bakin masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka kafa a 1973, idan sun kammala shekararsu, kamar yadda ake faɗa wa sojoji da 'yan sanda ranar faretin yaye su. A maganar yau da kullum kuwa "he passed out" tana nufin ya suma, yayin da "he passed away" take nufin ya rasu, kuma a asibiti ko wurin isar da saƙo ba ƙaramin tashin hankali musanya su zai jawo ba. Haka nan "off the light" da "cope up with", waɗanda suka yaɗu a bakunan jama'a, kowa zai gane su a kasuwa, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja musu jan biro, domin daidaitaccen Turanci "switch off the light" da "cope with" ya sani.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ware shafi biyu a littafinsa, ya kwafo jimloli biyar masu ɗauke da aikatau mai rakiya daga wayarsa, ko kwalin magani, ko allon gefen titi, ya rubuta ma'anar kowace da Hausa a ƙarƙashinta. A aji kuma malami zai raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya ya ba da umarni da "put on", "take off", "pick up" da "turn off", ɗayan ya aikata da hula ko biro ko tocila, sannan su sake maimaitawa da "it" a madadin sunan abin.