Kafin ka kai dosiye na doktora, nemi malami tukuna

Da yawa daga cikin ƙannenmu da sun kare mastar sai ka gansu suna ta zirga-zirgar fotokofi da buga hatimi a takardu wai za su shiga doktora, in ka tambaye su wa zai duba maka aikin sai su ce ai jami'a za ta ba ni. Toh ba haka abun yake ba. Takarda ita ce ta ƙarshe, malami da maudu'i su ne na farko.

Tsarin da ake bi a Kamaru da Cadi shi ne LMD, lisans shekara 3, mastar 2, doktora 3. Wannan 3 ɗin a takarda ne fa, a zahiri ka shirya wa 4 ko 5, musamman in kana aiki ko kana da iyali. Mastar ɗin ma ta bincike ake so, wadda ka rubuta memuwar, wato kundin binciken mastar, ka kare ta gaban juri, kwamitin malamai masu tantancewa, kuma yawanci ana duba maki daga 12 cikin 20 zuwa sama. Ka riƙa sa ido a kan sanarwar jami'a don ba kullum ƙofa take a buɗe ba, kuma gurbin kaɗan ne.

A nan arewacin Kamaru muna da jami'ar Ngaundere da ke Dang tun 1993, ta Marwa 2008, ta Garwa kuma 2022, 'yan Cadi suna da ta Njamena tun 1971. Kar ka zaɓi jami'a don tana kusa da gidanku, ka zaɓi inda akwai wanda ya san fanninka. Ba kowane malami ne doka ta yarda ya jagoranci tez, wato kundin doktora, shi kaɗai ba, sai farfesa ko metir-de-konferans mai bin farfesa a matsayi, shi kuwa sharje-de-kur da ke ƙasa da su sai dai ya zama na biyu. Kuma wallahi ka yi bincike a kan malamin kamar yadda ake binciken gidan da za a nemi aure, ka samu ɗalibansa a gefe ka tambaye su in an ba shi babi wata nawa yake yi kafin ya dawo da shi, mutum nawa ke hannunsa yanzu, nawa suka kare a shekarun nan, ya kusa ritaya ne, yana riƙe da wani muƙami da zai sa kullum yana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde? Ni dai a ganina malami matsakaici da zai karanta maka aiki da jan biro ya fi babban suna wanda ba ka ganinsa sai a taro.

Wajen tunkararsa ma da ladabi. Ba a turo wa farfesa "salut prof" a WhatsApp da tsakar dare. Ka karanta maƙalolinsa ko da biyu ne, ka rubuta shafi kamar 5 zuwa 10 na abun da kake son yi, ka nemi ganinsa a ofis, ka gaishe shi yadda ya kamata sannan ka ce Malam ga ɗan abun da na tsara, a duba mini. In ya yayyaga shi da gyara ka yi murna, alama ce ya karanta.

Maudu'i shi ne inda ake faɗuwa. Kowa so yake ya rubuta "talauci a arewacin Kamaru" ko "sauyin yanayi a yankin tafkin Cadi", wannan ko shekara 10 aka ba ka ba za ka gama ba. Ka matse shi har ya zama tambaya ɗaya da za ka iya amsawa da ƙafarka da aljihunka, misali yadda mata masu kifi a Lagdo suke samun jari, ko abun da ambaliyar Logone take yi wa karatun yara a Yagoua, ko noman muskuwari, dawar rani, a Diamaré, ko cinikin da ke ratsa gadar Nguéli tsakanin Kusiri da Njamena. Irin waɗannan kai ne ka fi kowa dama a kansu don kana jin Fulatanci da Hausa, wataƙila har Larabcin Shuwa ko Barbarci, abun da ɗan kudu sai ya ɗauki tafinta. Amma kar ka ɗauki wajen da tsaro ba zai bar ka ka shiga ba, wasu ƙauyukan bakin iyaka a Mayo-Sava ba wajen yawo da rikoda ba ne. Kafin ka ɗaure maudu'in ka leƙa shafukan neman binciken ilimi a intanet, theses.fr da Google Scholar da Cairn, ka kuma shiga laburaren sashenku ka ga ko wani ya riga ka.

Maganar kuɗi kar ka yi lissafi da jaka 50 ɗin da muka saba biya a lisans, ka tambayi kuɗin rajista na bana, kuma shi ne ma ƙarami, abun da ke cin mutum kuɗin moto da mota zuwa fagen bincike, data, kayan dakin gwaji ga 'yan kimiyya, da buga kofi-kofi na tez mai shafi 300 ko fiye. Akwai tallafin AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, da DAAD na Jamus, da Eiffel na Faransa, akwai kuma kotutel inda kake da malami a nan da wani a waje, amma duk sai da tsari mai kyau da wasiƙar malaminka. Masu tsallakawa Najeriya, Bayero a Kano ko ABU Zariya ko Maiduguri, su sani da Turanci za su rubuta kuma in sun dawo sai sun nemi ekivalans, wato a amince da digirin nasu, a ma'aikatar ilimi mai zurfi. 'Yar'uwa mai aure, ki zauna da maigida da iyaye tun farko a san za ki riƙa tafiye-tafiye.

In lokacin fita ya yi ka karɓi takardar shaidar bincike daga jami'a, ka nuna wa sufurefe, sannan ka bi ta fadar lamiɗo zuwa lawan da jauro, in ka tsallake su ba wanda zai buɗe maka baki. Ka lura da damina, daga Yuli zuwa Satumba wasu hanyoyin sun yanke kuma manoma suna gona.

Rubutu kuma kar ka ce sai ka gama karatu, ba a gamawa. Ko shafi ɗaya ne a rana bayan asuba kafin zafi ya taso ko a ɗauke wuta, ka rubuta. Sa Zotero, manhajar tsara madogara, a kwamfutarka tun ranar farko, kyauta ne, kuma ka ajiye aikin a waje uku, kwamfuta da kle da imel. Kwafe aikin wani ko barin na'ura ta rubuta maka kar ka fara, ana tace tez yanzu, kuma juri da tambaya ɗaya zai gane. Maƙala ka fara turawa tun shekara ta biyu don galibi ana neman ta kafin a bar ka ka kare, amma mujallar da ta ce turo kuɗi mu buga maka cikin sati ɗaya ka guje ta.

In malam ya sa hannu, tez za ta je wajen masu rahoto, su ne za su ce a kare ko a koma a gyara, sannan a kafa juri a sa ranar sutnans, wato ranar karewa. Ka je ka kalli na wasu kafin naka, ka gwada jawabinka da agogo a gaban abokai. Ranar kuma ka riƙe biro ka rubuta duk gyaran da aka faɗa, don bayan an gama hotuna da cin abinci sai ka shigar da su ka kai kofin ƙarshe da sa hannun juri kafin a fara maganar takardar shaida.