Darasi: Koya wa Yaro Gusar da Ɗigo da Siffa a Kan Raga

Wannan darasi ba ya buƙatar allo. Ku share wuri a tsakar gida, ku ja layuka a ƙasa kamar za a haƙa gurabun dara, wasu a kwance, wasu a tsaye. Layin can ƙasa da na can hagu su ne ma'auni. Inda suka haɗu sai a rubuta 0, daga nan a jera 1, 2, 3 har zuwa 8 a jikin kowannensu.

Kowane ɗigo, wato inda layi na kwance da na tsaye suka haɗu a wannan raga, yana da lamba biyu. Ta farko tana faɗin taku nawa aka yi zuwa dama, ta biyu kuma taku nawa aka hau sama. Wani Bafaranshe, René Descartes, shi ya fito da wannan dabara a rubuce a shekarar 1637, har yau da ita ake aiki a makarantu.

Ajiye tsakuwa a (2, 1). Ku ce wa yaron: "Kai ta dama taku 3, sama taku 2." Za ta sauka a (5, 3). Kada ku yi saurin gaya masa sirrin. Idan ya maimaita sau da yawa, da kansa zai lura cewa tafiya dama ƙari ce a lambar farko, hagu kuma ragi. Sama ƙari a ta biyu, ƙasa ragi.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne ƙirga wurin da tsakuwar take a matsayin "ɗaya". Taku ake ƙirgawa, sai tsakuwa ta motsa sannan a ce ɗaya.

Yanzu alwatika. Sa tsakuwa uku a (1, 1), (4, 1) da (1, 3), a haɗa su da zare ko karan dawa. Za a gusar da ita dama 2, sama 4. Kowace kusurwa sai ta yi wannan tafiya ita kaɗai, su koma (3, 5), (6, 5) da (3, 7). Idan sabuwar alwatikar ta karkace, ko ta fi ta dā girma, to akwai kusurwar da aka yi wa kuskuren ƙirga, a sake ta.

Aikin gida: murabba'i yana (4, 4), (6, 4), (6, 6), (4, 6). Yaro ya kai shi hagu 3, ƙasa 2, ya rubuta sababbin lambobin a littafinsa.