Yadda Ake Rage Kumburin Ciki Lokacin Ɗaukewar Al'ada

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, amma kumburin ciki kan soma tun jinin yana wasa, ya zo wannan wata ya tsallake na gaba. Sinadaran jikin mace, istirojin da furojestaron, ke hawa da sauka. Jiki sai ya riƙe ruwa, hanji ya yi nawa, iska ta taru, bayan gida ya yi tauri. Zanin da aka ɗaura da safe sai ya matse kafin la'asar.

Mataki na farko, 'yar'uwa, ki gano abin da ke tayar miki da shi. Ki yi mako 2 kina lura da abin da kika ci da yadda cikinki ya wuni. Wata wake ne, wata kabeji da ɗanyar albasa, wata kuwa madara ko fura da nono. In kin zargi abu, ki ajiye shi kaɗai na mako guda ki gani. Kada ki yanke komai lokaci ɗaya, musamman nono, don ƙashinki na bukatar sa a wannan shekaru.

Na biyu, ki gyara yadda kike ci. Maimakon malmalar tuwo biyu bayan isha'i a kwanta, ki ci kaɗan-kaɗan da wuri, ki tauna sosai. Wake a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan. Ki rage gishiri da dunƙulen magi da lemun kwalba.

Sai taurin bayan gida. Kwaɗon zogale, rama, miyar kuka, kuɓewa da gwanda suna taimakawa, amma a ƙara su sannu a hankali, don in an tula su rana ɗaya iskar ƙaruwa take. Ruwa dole ne, balle a zafin bazarar Katsina. Bayan cin abinci ki zagaya tsakar gida minti 10 zuwa 15. Shayin citta ko na na'a-na'a ma yana sa wasu su samu sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne jiƙa kanwa a sha kullum. Gyatsa za ta zo, amma kanwa dangin gishiri ce, ga shi wannan ne lokacin da hawan jini ke kama mata da yawa. Filasko ma ba abin sha kullum ba ne.

Idan kumburin ya kai mako 3 bai sauka ba, ko kina ƙoshi da loma kaɗan, kina ramewa, kina ganin jini a bayan gida, ko jinin al'ada ya dawo bayan wata 12 da ɗaukewarsa, kada ki ce girma ne. Ciwon dajin ƙwan mace na iya ɓuya a bayan wasu daga cikin waɗannan alamu. Ki je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki faɗa wa likita ranar da abin ya fara, ba tare da kunya ba.