Yadda Ake Karanta Ƙanƙarar Tekun Aktik Daga Samfurin Yanayi na Kwamfuta

Shekara huɗu ke nan ina zama da ɗaliban labarin ƙasa a nan Bauchi waɗanda suke son rubuta kundin kammala karatu a kan narkewar ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe, wurin da ni ma na taɓa faɗuwa. Wanda ya ce ina ruwan ɗan Bauchi da ƙanƙarar da bai taɓa takawa ba, sai ya tuna cewa masana da dama sun danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sanyin da arewacin Tekun Atlantika ya yi, domin daminarmu tana bin ɓangaren tekun da ya fi ɗumi. Ba kai za ka gina samfurin ba, wato manhajar da ke kwaikwayon yanayin duniya da lissafi; manyan cibiyoyi a Jamus, Ingila, Amurka da sauransu sun riga sun gudanar da shi a kan manyan kwamfutoci, sun kuma zuba sakamakon kyauta a ƙarƙashin CMIP6, shirin ƙasa da ƙasa na kwatanta samfuran yanayi. Naka shi ne karanta sakamakon daidai.

Da farko ka taƙaita tambayarka zuwa faɗin ƙanƙarar teku a watan Satumba, daga 1979 zuwa 2014. A Satumba ne ƙanƙarar Aktik take kai matuƙar ƙanƙancewa bayan zafin bazararsu, daga 1979 ne ake da cikakken awon tauraron ɗan Adam, a 2014 kuma gwajin tarihi na CMIP6, wanda ke kwaikwayon yanayin shekarun baya, ya tsaya.

Kafin ka taɓa kowane samfuri, ka sauko da awon gaskiya daga NSIDC, cibiyar adana bayanan ƙanƙara da ke Bolda a jihar Kolorado ta Amurka, ƙaramin fayil ne da ko a waya zai buɗu. Ka rubuta lambobi biyu a takarda ka manna a jikin kwamfutarka: a shekarun 1980 faɗin ƙanƙarar Satumba yana wajen murabba'in kilomita miliyan 7, a Satumbar 2012 kuma ya faɗi zuwa kimanin miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Ba na duba aikin ɗalibin da ba shi da wannan takarda.

Daga nan sai saukar da bayanan samfurin, ko dai daga ESGF ko daga Copernicus, rumbunan bayanan yanayi ne biyu a intanet. Na Copernicus za ka yi amfani da shi, saboda yana barin ka zaɓi wata ɗaya kawai, kuma wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa ya san bambancin. Abin da kake nema sunansa siconc, wato kason fuskar teku da ƙanƙara ta rufe, na wata-wata, daga gwajin tarihi. Samfuri uku sun isa, kuma da tsakar dare za ka sauke su bayan ka cika batirin kwamfuta, don idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa, fayil ɗin da ya yanke ba ya buɗuwa. Ka fara duba shi da manhajar Panoply ta hukumar NASA, ka ga taswirar da idonka kafin kowane lissafi.

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Samfurin yana yanka duniya gida-gida kamar filin dara, amma gidajen girmansu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki kabewa ka duba layukan jikinta: a tsakiya suna da tazara, amma suna matsowa kusa da juna har su haɗu a wajen hanci. Haka layukan duniya suke. A nan Bauchi, da muke wajen digiri 10 arewa, digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma ya kusan kilomita 110, a digiri 60 ya koma rabi, a digiri 80 kuwa wajen kilomita 19 ne kawai. A karona na farko na ƙirga gidajen da ke da ƙanƙara, na ninka da faɗin gida irin na yankinmu, sai na samu ƙanƙarar da ta fi nahiyar Afirka girma, alhali Afirka tana da murabba'in kilomita kusan miliyan 30. Mako biyu na yi ina zana jadawali a kan wannan lamba, kuma layin yana gangarowa daidai yadda ake tsammani, shi ya sa ban ankara ba. Kuskuren da ya yi kama da gaskiya ya fi cutarwa, kuma takardar nan ta lambobi biyu da ta kama shi a minti ɗaya.

Wasu suna gyara wannan da ninka kowane gida da kosain (cosine) ɗin latitud ɗinsa, wato digirin nisansa daga tsakiyar duniya. Wannan yana aiki ga bayanan iska, amma ban yarda da shi ga ƙanƙarar teku ba, domin yawancin samfuran teku sun kawar da ƙuryar rariyarsu, wato inda layukan gidajensu suke haɗuwa, daga tsakiyar Aktik sun ɗora ta a kan tudu, wasu a Girinlan, wasu a Saiberiya da Kanada, don kada lissafinsu ya rikice. Hanya ɗaya ce ingantacciya: ka sauko da fayil ɗin areacello na wannan samfurin kansa, wanda ke ɗauke da faɗin kowane gida a murabba'in mita, kuma kada ka ari na wani samfuri ko da sunayensu sun yi kama. Sannan ka zaɓi gidajen da ƙanƙara ta rufe aƙalla kashi 15 cikin 100, ka tara faɗinsu, ka mayar zuwa murabba'in kilomita. Ka lura siconc daga 0 zuwa 100 yake tafiya, don haka 15 za ka rubuta, ba 0.15 ba. Ka kuma ware arewacin duniya kaɗai, saboda Satumba ita ce lokacin da ƙanƙarar Antaktika take cika, kuma na ga ɗalibar da ta haɗa biyun ta zo da miliyan 25 tana neman bayani a kai. Da harshen kwamfuta na Python da ƙunshinsa na xarray duk wannan bai kai layi goma ba, kuma Google Colab, shafin da ke gudanar da Python a intanet, ya wadatar idan kwamfutarka mai rauni ce.

Idan lambarka ta faɗa tsakanin miliyan 4 da 10, sai ka kwatanta da NSIDC, amma kada ka nemi faɗuwar 2012 a shekarar 2012 ta samfurin. Samfuri yana ƙirƙiro nasa iska da guguwa ne, don haka gangarowar shekaru talatin da matsakaicinsu kawai ake kwatantawa.

Hasashen gaba ma wannan hanyar ake bi: ka sauko da SSP2-4.5 da SSP5-8.5, wato hasashen matsakaicin hayaƙi mai ɗumama duniya da na mai yawa, daga 2015 zuwa 2100, ka nemi shekarar da faɗin ya fara sauka ƙasa da miliyan 1, wanda shi ne ake kira teku marar ƙanƙara. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce da alama hakan zai faru aƙalla sau ɗaya kafin 2050. Samfuran Ingila suna amfani da shekara mai kwana 360, sai a kula da kalanda wajen haɗawa. Antaktika kuwa a bar ta sai digiri na biyu, domin yawancin samfuran sun nuna ƙanƙararta tana raguwa a shekarun da tauraron ɗan Adam ya ga tana ɗan ƙaruwa har zuwa 2014, kafin ta faɗi zuwa kimanin miliyan 1.8 a Fabrairun 2023, watan da takan fi ƙanƙancewa.